Idan tayoyin jirgin sama suka ƙi fitowa, da me ake sauko da su?

Uwar_Biyu:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, don Allah masana su taimaka. Makon jiya na dawo daga tafiya. Mun kusa sauka har ina hango motoci a ƙasa, sai kawai na ji jirgin ya sake yin sama. Muka yi ta kewaye wajen rabin awa. Can matuƙi ya ce akwai 'yar matsala da tayoyi amma suna kanta, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ina hankali zai kwanta? Matar da ke kusa da ni ta damƙe min hannu har farcenta ya bar min shaida. Daga baya muka ji wani gum! a ƙarƙashin ƙafafunmu, ƙarar iska ta ƙaru sosai, muka sauka lafiya. Motocin kwana-kwana suka biyo mu, kuma jirgin bai kai kansa wurin tsayawa ba, wata mota ce ta zo ta ja shi.

Tun ranar abin ke min yawo a kai. Idan injin da ke turo tayoyin ya mutu, da me ake fito da su? Maigidana ya ce akwai inji na biyu. Ƙanena kuma ya rantse wai mutum ne ke sauka ta wata ƙofa ya tura su da ƙafa. Wa ya fi gaskiya?

Shiru_Ma_Magana:
Barka da arziki Hajiya. Ni labarin ma kaɗai ya sa cikina ya ɗuri ruwa.

Bakanike_Na_Asali:
Ni dai a sanina da manyan motoci, duk abin da ke aiki da man haidurolik, in famfonsa ya mutu sai an samu wani famfon. Tifa in ta ƙi ɗaga bodi ba addu'ar da za ta ɗaga shi. Don haka ina bayan maigidanki, dole akwai famfo na biyu.

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki Hajiya. Na daɗe ina gyaran jirage kafin in ajiye aiki, bari in sa baki.

Malam Bakanike, ka kawo misali mai kyau amma ka riƙe shi ta wutsiya. Tifa in ta ƙi ɗaga bodi sai famfo, gaskiya ne. To in bodin yana sama kana so ya sauko fa? Famfo kake nema? Sakin man kawai za ka yi, nauyinsa ya kawo shi ƙasa. Haka ƙafar jirgi take. A manyan jirage ƙafa ɗaya da tayoyinta da birkinta ta fi ƙaramar mota nauyi, kuma kullum ƙasa take son zuwa. Wahalar duk tana wajen ɗaga ta. Shi ya sa ake amfani da mai mai matsin fam 3,000 a kan kowane inci murabba'i, wato kusan ninki ɗari na iskar tayar mota. A sababbi irin Airbus A380 da Boeing 787 ma 5,000 ne.

In ƙafar ta naɗe ta shige cikin jirgi, a yawancin manyan jirage ba man ne ke ci gaba da riƙe ta ba. Wata ƙugiya ce ta ƙarfe take cafke ta, ta rataye a jiki har ƙarshen tafiya. Lokacin sauka man ya buɗe ƙofofi, ya zare ƙugiyar, ya raka ƙafar ƙasa a hankali. Ranar da man ya tsiyaye ko famfo ya mutu, abin da ake bukata kawai wata hanyar zare ƙugiyar nan. Da ta saki, ƙafar ta faɗo da kanta. Wannan gum ɗin da kika ji, Hajiya, ita ce ta faɗo ba mai raka ta.

Uwar_Biyu:
Ikon Allah. To Baba, in ta faɗo haka sakaka, me zai hana ta lanƙwashe in nauyin jirgi ya hau kanta?

Tsohon_Injiniya:
Yauwa, nan ne ainihin wurin. Ki miƙe tsaye ki miƙar da gwiwarki sosai har ta ɗan koma baya. Za ki ga kina iya tsayuwa a kai ba tare da kin yi wani ƙoƙari ba, sai in wani ya zo ya doke ki ta bayan gwiwar. Kowace ƙafar jirgi tana da tokari mai gaɓa irin wannan. In ƙafar ta gama saukowa tokarin ya miƙe, sai wata 'yar gaɓa da ke kulle shi ta ɗan zarce miƙewa kaɗan, sifirin masu ƙarfi su riƙe ta a nan. Daga nan nauyi ba ya iya naɗe ta. Wannan kullewar ce ke kunna koriyar fitila a gaban matuƙi. Fitilu uku: hanci, dama, hagu.

Akwai wata dabara kuma da nake jin daɗinta. A mafi yawan jiragen fasinja ƙafar hanci gaba take naɗewa, ba baya ba. Don haka in aka sake ta, iskar da jirgin ke ketawa ita ke tura ta baya har ta kulle.

Na_Kujerar_Dama:
Baba Injiniya ya gama magana, ni dai in ƙara yadda abin yake daga ɗakin matuƙa. Mataimakin matuƙi ne ni a Boeing 737. A ƙasan ɗakinmu, dab da bayan kujerata, akwai 'yar ƙofa a daɓe. In ka ɗaga ta za ka ga mariƙai uku, kowanne da igiyar ƙarfe da ta tafi har wurin ƙugiyar ƙafa ɗaya. Ba wuta, ba mai, ba kwamfuta. Ka ja kujera baya, ka sunkuya, ka kama ka ja har ƙarshensa, wajen santimita 60, ɗaya bayan ɗaya. Sai a jira daƙiƙa 15 kafin a mayar da libar tayoyi ƙasa, a zuba wa fitilu ido. Daƙiƙa 15 ɗin nan ko a na'urar koyon tuƙi ce tsawo gare ta.

Airbus A320 kuma nasu wani mariƙi ne a tsakanin kujerun matuƙa, a zaro shi a murɗa sau uku ta hannun agogo. Murɗawar tana yanke man daga layin tayoyi, ta saki ƙofofi, sannan ta saki ƙafafun. Tunda ba man da zai rufe ƙofofin, a buɗe suke zama har a sauka. Ƙarar iskar da Hajiya ta ji ta yi kama da wannan. Kuma a tsofaffin A320 in an yi haka sitiyarin tayar gaba ba ya aiki, shi ya sa ake kiran mota ta ja jirgin.

Uwar_Biyu:
Wallahi kamar kana cikin jirgin. Har na ga wasu mutane sun zo sun leƙa ƙarƙashi kafin a fara jan mu.

Tsohon_Injiniya:
Irinmu ne waɗannan. Fil suke sokawa a gaɓar kowace ƙafa, mai jan kyalle a jiki, don kada ta motsa ana cikin ja.

Gardama_Sana'a:
Ku yi haƙuri, kun mai da abin kamar sakin guga a rijiya. In da sauƙi haka, me ya sa muke ganin bidiyon jirage suna sauka da ciki, tartsatsi na tashi? Nauyin tayoyin ne ya tafi hutu ranar?

Mai_Bin_Diddigi:
Gardama yau ka yi tambaya mai ma'ana, abin mamaki. Ga misali. Ranar 1 ga Nuwamba 2011, jirgin kamfanin LOT na ƙasar Polan, Boeing 767, ya taso daga Newark ta Amurka zuwa Warso da mutum 231. Kamar rabin awa da tashi wata mesa ta fashe, man layin tsakiya ya tsiyaye, kuma shi ne layin tayoyi. Matuƙan ba su ruɗe ba, suka ci gaba da tafiya suka ƙetare teku, don sun san akwai hanyar gaggawa. Da suka iso suka danna makunnin, shiru. Suka yi ta kewaye fiye da awa ɗaya, jiragen yaƙi F-16 suka tashi suka leƙa suka tabbatar ba taya ko ɗaya a waje. Ƙarshe Kyaftin Tadeusz Wrona ya kwantar da jirgin a kan cikinsa. Ko mutum ɗaya bai mutu ba.

Abin da zai ba ka haushi shi ne dalilin. A 767 ba igiya ake ja da hannu ba, wani ɗan injin lantarki ne ke zare ƙugiyoyin. Fis ɗin da ke ba shi wuta, irin mai maɓallin nan da ke tunkuɗowa waje, an same shi a fice. Lambarsa C829, yana can ƙasa dab da daɓe a bayan kujerar mataimaki. Da aka ɗaga jirgin daga titi aka danna shi ya koma, aka taɓa makunni, tayoyi suka zubo.

Shiru_Ma_Magana:
Innalillahi. Fis ɗaya?

Gardama_Sana'a:
To kun gani. Ashe matuƙan ne suka yi sakaci.

Na_Kujerar_Dama:
A'a Malam Gardama, kada ka yanke hukunci daga kan kujerar falo. Fis a ɗakin matuƙa ɗaruruwa ne, a sama, a gefe, a baya. Wannan ɗin ficewarsa ba ta kunna wani gargaɗi, kuma littafin matakan gaggawa da ke hannunsu bai ce a duba shi ba. Mu kuma an horar da mu mu bi littafi, ba mu riƙa danne-danne da ka ba. Bayan binciken ne aka ba da shawarar gyara littafin da kuma sa wa fis ɗin wurin kariya.

Tsohon_Injiniya:
Ni dai ra'ayina, kuma na san matasan injiniyoyi za su ce tsufa ne, hanyar gaggawa bai kamata ta dogara da wani abin da shi ma zai iya mutuwa a ɓoye ba. Igiya in ta tsinke hannunka zai gaya maka. Amma in yi adalci, babban jirgi irin A330 ko A380 nisa da yawan ƙafafun sun sa jan igiya da hannu ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa suka koma lantarki. Kowanne da inda yake ciwo. Igiyar ma tana saki in ba a daidaita ta ba.

Na taɓa gani da idona. Mun ɗora wani jirgi a kan jak a rumfar gyara muna gwajin sakin tayoyi. Aka ja na dama, gum. Na hanci, gum. Aka ja na hagu har ƙarshe, ƙafar na nan rataye kamar ba da ita ake ba. Na hau tsani da tocila, sai na ga tsohon giris ya haɗu da ƙura ya daskare a bakin ƙugiyar kamar ƙaro. Da man haidurolik tana buɗewa lafiya don ƙarfinsa ya fi ƙarfin dattin, shi ya sa ba wanda ya lura. Kwana muka yi a kanta. Tun daga ranar ban sake yarda da kalmar "ai tana aiki" ba sai na ga ta faɗo da kanta.

Bakanike_Na_Asali:
Baba na sallama. Amma man nan irin namu ne na birki?

Tsohon_Injiniya:
Ko kusa. Na manyan jirage ruwan shunayya ne, an fi saninsa da sunan Skydrol, an yi shi ne don kada ya kama wuta da sauƙi. Yana cin fenti, in kuwa ya shiga idonka za ka kira sunan kakarka. Ƙananan jirage ne ke amfani da ja.

Ɗalibin_Sama:
Salamu alaikum manya. Ni ɗalibi ne, ƙananan jirage nake koyo, kuma a wajenmu maganar Malam Bakanike ba ta faɗi ƙasa ba. Cessna 172RG famfon hannu gare ta a tsakanin kujeru. In injin lantarkin da ke tura man ya mutu, ka zaro mariƙin ka yi ta bugawa sama da ƙasa, sau talatin da wani abu, hannu ɗaya a kan tuƙi. Matsalarta, in man ne ya tsiyaye gaba ɗaya, to famfon hannun ma iska zai yi ta bugawa, kuma ƙafafunta na baya sai an turo su gaba suna faɗa da iska kafin su kulle.

Piper Arrow kuma akasin haka. Ita ba ƙugiya, matsin man ne ke riƙe tayoyin a sama. Ka danna 'yar liba ka saki matsin, su faɗo. In ɗaya ta ƙi kullewa sai ka taka feda dama da hagu, jirgin ya yi ta karkaɗa wutsiya har ta shige. Beechcraft Bonanza kuwa mariƙi ne a bayan kujerun gaba, ka murɗa kamar sau 50. Malamina ya ce duk wanda ya yi shi sau ɗaya a sama ba ya sake raina motsa jiki.

Na_Kujerar_Dama:
Sannu ɗalibi, Allah ya ba da sa'a. Ka manta da masu tulun iska. Wasu ƙananan jet da jiragen yaƙi suna ɗauke da tulun naitirojin a matse. A ja mariƙi, iskar ta bi bututu ta banko ƙafafun ƙasa da ƙarfi. Harbi ɗaya ne, ba na biyu.

Hauwa_Kimiyya:
Me ya sa naitirojin, ba iska kawai ba?

Tsohon_Injiniya:
Abu biyu 'yata. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin, kuma oksijin a matse in ya gamu da mai gobara ce ke jiran dalili. Sannan tana da laima, can sama kuma sanyi yana kai digiri 50 ƙasa da sifili, laimar ta zama ƙanƙara ta toshe bututu. Naitirojin busasshe ne, ba ruwansa da wuta. Tayoyin manyan jirage ma shi ake hura musu.

Hauwa_Kimiyya:
Na gode Baba. Na tuna ma kumbon Amurka mai dawowa ya sauka kamar jirgi, wanda aka daina aiki da shi a 2011. Shi in haidurolik ya kasa zare ƙugiya, wani ɗan abin fashewa ne ke ɓalle ta. Don ba shi da injin da zai sake zagayowa, dama ɗaya ce.

Dogo_Mai_Dariya:
Ni dai ina nan ina jiran a wanke ƙanen Hajiya. Yaro ya ce da ƙafa ake turawa kun share shi.

Mai_Bin_Diddigi:
Dogo, turawa da ƙafa dai babu, amma sauka ta ƙofa akwai. Kuma labarin ba na dariya ba ne. Daren 29 ga Disamba 1972, jirgin Eastern Air Lines mai lamba 401, ƙirar Lockheed L-1011, ya zo sauka a Miami. Aka sauke tayoyi, fitilar hanci ta ƙi kamawa. Suka fasa sauka, suka hau ƙafa 2,000, suka bar wa na'ura tuƙi. Kyaftin da mataimaki suka duƙufa kan 'yar fitilar suna ƙoƙarin ciro ta, injiniyan jirgin ya sauka ta wata ƙofa a daɓe zuwa ɗakin da ke ƙasa don ya leƙa ƙafar da idonsa. Ana cikin haka na'urar ta daina riƙe tsayin jirgin ba wanda ya lura, ga duhu, ƙasa kuma fadamar Everglades ce ba fitila ko ɗaya. Jirgin ya yi ta sauka a hankali har ya daki fadama. Mutum 101 suka rasu. Ƙafar kuwa a sauke take, a kulle. Kwan fitila ne ya ƙone.

Shekara shida bayan nan, Disamba 1978, wani DC-8 na United ya yi ta kewaye kusa da Portland wajen awa ɗaya ana fama da shakkar tayoyi, har man da injinan ke sha ya ƙare, jirgin ya faɗi. Mutum 10 suka rasu.

Na_Kujerar_Dama:
Waɗannan biyun duk wanda ya shiga makarantar tuƙi sai an karanta masa su. Suna cikin abin da ya haifar da horon aiki tare a ɗakin matuƙa. Yau in matsala ta taso, abu na farko da kyaftin zai faɗa shi ne wa ke tuƙi. Mutum ɗaya ba ruwansa da fitila, idonsa na kan tsayi da gudu da mai. Ɗayan ya buɗe littafi. Rabin awar da Hajiya ta ce sun yi suna kewaye, yawancinta karatu ne da lissafi: tsawon titin da za a bukata, birki nawa ya rage, man nawa ne, a sanar da hasumiya, a sanar da ma'aikatan ciki. Jan mariƙin kansa bai fi minti biyu ba.

Yar_Cikin_Jirgi:
Na yi aiki a tsofaffin 737 kafin a kawo sababbi. Akwai wani ɗan gilashin leƙe a daɓen jirgin wajen tsakiya, a ƙarƙashin kafet. In matuƙa suna shakka sai ɗayansu ya fito, mu ɗaga kafet, ya durƙusa ya kafa ido yana neman jajayen layuka su haɗu. Ka yi tunanin fuskar fasinjan da ke kujerar wurin, ya ga matuƙi a durƙushe gaban takalminsa. Sababbin an sa musu fitilu na biyu a saman kan matuƙa, an huta.

Kuma don Allah in mun ce a sunkuya a riƙe kai, a bar jaka, a yi hakan. Masu jaka sun fi matsalar tayoyin ba mu wahala.

Gardama_Sana'a:
Ban gamsu ba har yanzu. Baba ya ce iska na taimaka wa ƙafar hanci. To jirgin Air Canada da mai ya ƙare masa a 1983 ya sauka a Gimli ta Kanada fa? Sun saki tayoyi da nauyinsu, na baya suka kulle, na hanci ya ƙi, jirgin ya kifa da hanci. Ina iskar take?

Tsohon_Injiniya:
Ka yi karatu, na yaba. Taimako na ce, ban ce garanti ba. Sakin ƙafa da nauyinta ba shi da ƙarfin turin haidurolik, ɗan abu kaɗan sai ya tsayar da ita rabin hanya. Amma ka ƙarasa labarin mana. Hancin da ya gurji ƙasa ya taimaka wajen tsayar da jirgin kafin ya kai ga mutanen da ke wasan tseren motoci a ƙarshen titin, kuma duka mutum 69 da ke ciki sun fita da ransu.

Inda hanyar gaggawa ba ta da magani shi ne in ƙafar ta maƙale. Sakin ƙugiya ba ya gyara ƙarfen da ya karye ko ƙofar da ta cije. A Disamba 2014 wani Boeing 747 na Virgin Atlantic ya koma Gatwick ta Landan saboda yoyon mai. Da aka saki ƙafafun, ta fiffiken dama ta faɗo da gudu ta cije a jikin ƙofarta. Bincike ya nuna an ɗaura wani ƙarfen turi a juye lokacin gyara. Sa'ar da aka yi 747 ƙafafun baya huɗu gare shi, ya sauka a kan uku. Irin wannan labarin mu masu gyara shi ke hana mu barci, don laifin daga ɓangarenmu yake.

Uwar_Biyu:
To in duk an yi sun ƙi fa? Ba gara a nemi ruwa ko ciyawa ba, tunda sun fi laushi?

Na_Kujerar_Dama:
Haka kowa ke zato, Hajiya, amma kwalta ta fi. A kan titi jirgi zamewa yake yi santal har ya tsaya, ga 'yan kwana-kwana a gefe. A ciyawa inji ko fiffike na iya nitsewa a ƙasa ya wuntsila jirgin. Ruwa kuwa a wannan gudun ba laushi gare shi ba. Kuma yawanci ana sauka da duk ƙafar da ta samu fitowa, ko biyu ce ko ɗaya, don tana shanye wani ɓangare na bugun.

Dogo_Mai_Dariya:
Kumfar nan da ake malalawa a titi fa?

Mai_Bin_Diddigi:
An yi ta a Warso, amma an rage yi sosai. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta janye shawarar tun 1987. Kumfar da ka zubar a titi ita ce za ka nema in wuta ta tashi, kuma tana iya rage kamun birki.

Hauwa_Kimiyya:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa ake daɗewa ana kewaye? Ba a ce suna zubar da mai ba?

Na_Kujerar_Dama:
Ba kowane jirgi ke iya zubarwa ba. 737 da A320 ba su da wannan hanyar, sai dai su yi ta kewaye har injinan su ƙona shi. A Satumba 2005 wani A320 na JetBlue tayar hancinsa ta juya a gicciye, suka yi sama da awa biyu suna kewaye kafin su sauka a Los Angeles, fasinjoji na kallon jirginsu kai tsaye a talabijin ɗin bayan kujera. Tayar ta ƙone ta cinye, ƙafar ba ta karye ba.

Ɗaya gefen kuma, da zarar ka saki tayoyi ta hanyar gaggawa, a ƙa'ida sun sauka ke nan sai an je ƙasa. Jirgi mai tayoyi a waje kuma shan mai yake kamar ba gobe. Shi ya sa ba a sakinsu sai an tabbatar da filin da za a sauka. A Yuli 2000 wani A310 na Hapag-Lloyd ya taso daga tsibirin Kirit na Girka zuwa Jamus, ƙafa ta ƙi naɗewa, suka ci gaba da tafiya da tayoyi a waje. Mai ya ƙare musu, suka dira kafin bakin titi a Vienna. Ba a rasa rai ba, amma jirgin ya tashi daga aiki.

Gardama_Sana'a:
To na Koriya ta Kudu fa, Disamba 2024 a Muan? 737 ne, irin naka mai igiyoyi uku. Mutum 179 cikin 181 suka rasu.

Na_Kujerar_Dama:
Allah ya kyauta, wannan ya taɓa duk wani mai tuƙa irin jirgin. Abu biyu zan ce. Daga kiran gaggawa bayan sun gamu da tsuntsaye zuwa faɗuwar, minti huɗu ne kacal. Igiyoyin nan suna bukatar mutum ya saki abin da yake yi, ya ja kujera, ya sunkuya. Na biyu, jirgin ya taɓa titi a kan cikinsa yana zamewa a miƙe. Ginin kankare da ke bayan ƙarshen titin, wanda aka dasa eriya a kansa, shi ya daka.

Gardama_Sana'a:
Ka ga ke nan maganata ta fito. Da makunni ne irin na 767, yatsa ɗaya ya isa.

Mai_Bin_Diddigi:
Ɗazu fa kai ne kake zagin makunnin 767.

Gardama_Sana'a:
Matuƙan na zaga, ba makunnin ba. Kuma na janye.

Tsohon_Injiniya:
Ku bar shi, tambayar da ya yi masu ƙera jirage ma ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Ni ina nan kan igiya. Na_Kujerar_Dama, kai da kake sunkuyawar, me ka ce?

Na_Kujerar_Dama:
Baba, ranar da nake da lokaci, igiya. Ranar da ba ni da shi, makunni. Matsalar ba a gaya maka wace rana ce tun da safe.

Uwar_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigidan, ya ce ai famfon hannun Cessna shi ne injin na biyu da yake nufi. Ƙanena kuma ya riƙe maganar ƙofar daɓe ya ƙi saki. Tambaya ta ƙarshe Baba: jirgin namu, shi ke nan an gyara mesa ya ɗebi wasu fasinjojin?

Tsohon_Injiniya:
Ba da wannan saurin ba. Sai an gano inda man ya bi, an canza abin da ya lalace, an cika, an fitar da iska daga layin. A mayar da mariƙin gaggawa mazauninsa, a rufe ƙofofi. In aikin ya taɓa ƙafar kanta, a ɗora jirgin a kan jak, a naɗe tayoyi a sauke, a naɗe a sauke, ana duba agogo ana ƙirga daƙiƙoƙin da kowacce ke ɗauka. Sannan injiniya mai lasisi ya sa hannu da lambarsa a littafin jirgin.

Bakanike_Na_Asali:
Tsaya Baba. Jak nawa ke ɗaga jirgi sukutum?

Tsohon_Injiniya:
Uku ne manya, masu ƙafa uku-uku, wasu sun fi ka tsawo. Ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike, na ukun a gaba ko a baya, ya danganta da jirgin, sai a ƙara tokari don kada ya rinjaya. Kuma tare ake ɗaga su, mutum ɗaya na tsaye yana duba ma'aunin daidaito yana ba da umarni. Ranar da ake iska mai ƙarfi ba ma farawa sai an rufe ƙofar rumfa.